Famfon Motsa Ruwa a Babban Tankin Murjani: Kada Lambar Jikin Kwali Ta Ruɗe Ka

Yawancin masu zuwa wurina da shirin kafa babban tankin gilashi na kiwon murjanin teku sun riga sun gama bincike a kan fitila. Sun san kamfani, sun san farashi, har launin hasken da suke so sun zaɓa. In na ce to famfon motsa ruwa fa, sai su ce ai mai ƙarfi za su saya. Ƙarfi ba shi ne maganar ba. Na sha ganin tankin da famfonsa ke tone yashi yana watsawa sama, amma ka leƙa bayan duwatsu ka tarar ruwa kwance, datti ya taru har ya yi baƙi. Abin da murjani ke nema shi ne ruwa mai faɗi, mai sauya hanya, wanda ba ya tsayawa dare da rana.

Murjani dabba ce, amma dabbar da aka kafe wuri ɗaya. Ba ya tashi neman abinci, ba ya matsawa daga dattin da ya fitar. Ruwa ke kawo masa, ruwa ke kwashe masa. A jikin kowane reshe akwai wani siririn ruwa da ke manne, kusan ba ya motsi, kuma duk iskar da murjanin zai shaƙa ko ya fitar sai ta ratsa ta cikinsa a hankali. In ruwan tanki na gudu, wannan shimfiɗa takan ragu, musayar ta yi sauri. In ruwa ya kwanta, sai ta yi kauri. Da rana, ƙananan tsirran da ke zaune cikin naman murjani suna samar da oksijin fiye da kima a ƙarƙashin fitila, dole ruwa ya kwashe. Da dare kuma abin ya juya, murjanin ne ke neman oksijin daga ruwa. Shi ya sa wanda ya ƙara hasken fitila bai ƙara motsin ruwa ba yakan wayi gari murjaninsa ya koɗe. Bayan zafin teku na 1998 da ya koɗar da murjani a sassan duniya da dama, masu bincike biyu a Okinawa ta Japan, Nakamura da van Woesik, sun nuna a 2001 cewa Acropora, wani murjani mai rassa, da ke cikin ruwa mai gudu ya fi jure zafi a kan wanda ke cikin ruwa mai sanyin tafiya. Mu da muke kiwo a garuruwa masu zafi, wannan magana tamu ce.

Lissafin farko

Ka fara da auna tankinka. Nawa tsawonsa santimita 200, faɗi 70, zurfi 60. In ka ninka su ka raba da 1,000, lita 840 ke nan. Duwatsu da yashi da ɗan sararin da ke sama sun cinye wani abu, don haka ina lissafi da lita 700.

Masu kiwo suna da ma'aunin da suke yi wa juna bayani da shi: sau nawa famfuna za su juya ruwan tanki gaba ɗaya a awa guda. Murjani mai laushi, irin su Sarcophyton da Zoanthus, sau 10 zuwa 20 ya ishe su. Masu ƙashi da manyan nama, waɗanda ake kira LPS, irin su Euphyllia da Goniopora, sau 20 zuwa 30. Masu rassa da ƙananan bakuna, wato SPS, musamman Acropora, sau 40 zuwa 50, wasu ma su wuce. Dalilin bambancin yana can a teku: Acropora da yawa suna girma a inda igiyar ruwa ke dukan dutse, Euphyllia kuwa ya fi son loko da gangaren da ruwa ya lafa. A tanki irin nawa, in Acropora ne a gaba, 700 sau 40 ya ba ka lita 28,000 a awa. Kwalin da ya zo daga Amurka da galan yake magana, sai ka ninka da 3.8 ka samu lita.

Wannan lamba mafari ce kawai. Abin da aka rubuta a kwali, an auna shi ne famfo na sabo fil, a ƙarshen gudunsa, ba dutse a gabansa. Kai kuwa ba za ka bar shi a ƙarshen gudu ba, don ƙara za ta dame ka kuma zai gaji da wuri. Ni nakan sayi wanda zai ba ni abin da nake so yana tsakanin rabi da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa. Sauran ajiya ce, kuma za ka buƙace ta. 'Yan guntayen murjanin da ka dasa yau, masu tsawon ɗan yatsa, nan da shekara biyu sun zama kurmi, suna tare ruwa da kansu. Famfon da ya yi maka yawa a farko shi ne zai yi maka kaɗan a lokacin.

Famfon da ke ɗago ruwa daga tankin ƙasa, inda na'urar tace ruwa take, kada ka sa shi a wannan lissafi. Aikinsa kai ruwa wurin tacewa da dawo da shi, kuma sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar. In ka matsa masa lamba don ya motsa maka tankin sama, abin da za ka samu shi ne gurnanin magudana da kumfa a ko'ina. Ka dai tuna tsayin da zai hau da kowace gwiwar bututu suna rage masa ƙarfi, ka duba jadawalin da kamfani ya bayar na abin da yake fitarwa a tsayin mita ɗaya da rabi.

Irin famfunan da ke kasuwa

Tsofaffin famfunan cikin ruwa suna harbo ruwa ta ɗan siririn baki. Na zamani kuwa farfela gare su, suna turo ruwa mai yawa a faɗi, ba da tsananin gudu ba. Bambancin kamar na mutumin da ya danne bakin tiyo da babban yatsa ne da wanda ya kwara bokiti: ruwan na iya zama ɗaya, amma na farko zai saɓule naman murjani daga ƙashinsa. A babban tanki, mai siririn baki ba shi da gurbi.

Cikin masu farfela, Tunze na Jamus tsohon hannu ne, tun shekarun 1960 suke yin famfon Turbelle. Nasu duka yana cikin ruwa, maganaɗisu ya riƙe shi ta bayan gilashi, kuma kana iya karkata bakinsa duk inda ka ga dama. Sun yi suna wajen daɗewa da samun kayan gyara. Wayarsa dai tana cikin ruwa, ido na ganinta.

EcoTech Marine na Amurka sun bi wata hanya da VorTech ɗinsu. Injin yana waje manne da gilashi, farfela kaɗai ke ciki, maganaɗisu ke juya ta. Ba waya a ruwa, kuma zafin injin yana fita iska maimakon ya shiga tanki. MP40 na ba da kimanin lita 17,000 a awa, MP60 kuma wajen 28,000. Sai dai akwai abin da mai sayarwa ba zai fara gaya maka ba: ba a karkata shi. Inda ka manna shi, gaba kawai zai hura. Yana kuma buƙatar fili a waje, saboda haka wanda ya gina tankinsa cikin bango ko ya matse shi da kabad ya auna tukuna. In ɓangaren ciki da na waje ba su daidaita sosai ba, za ka ji shi yana kuka da dare. Tsadarsa kuwa ba a magana.

Sai wanda na fi so a dogon tanki, mai siffar sanda, wanda Maxspect na Sin suka fito da shi da sunan Gyre, daga baya wasu kamfanoni irin su Red Sea suka yi nasu. Shi ba farfela gare shi ba, dogayen keji biyu ne ke juyawa, suna fitar da ruwa a shimfiɗe. In ka kwantar da shi kusa da saman ruwa a gefe ɗaya, ruwan zai bi sama ya kai ƙarshen tanki, ya sauka, ya dawo ta ƙasa. Tankin gaba ɗaya ya shiga juyi. XF350 na Maxspect yana kaiwa wajen lita 20,000 a awa. A tsawon mita biyu, ban ga abin da ke kai ruwa ƙarshen tanki da sauƙi kamarsa ba. Laifinsa biyu ne. Yana saurin toshewa da gansakuka, ƙarfinsa ya faɗi ba ka lura ba. Kuma in ka bar shi yana juyi hanya ɗaya kullum, tsakiyar da'irar takan zama shiru, murjani kuma ya riƙa girma a karkace. Maganin wannan a sa biyu suna fuskantar juna, wannan ya yi ya huta, wancan ya karɓa.

Akwai Nero na AquaIllumination, ƙanana ne masu kyan gani, sun dace da cike gurbi. Akwai Jebao na Sin, mai araha ƙwarai, kuma ba zan raina shi ba: mutane da yawa sun raya Acropora da shi. Amma wanda ya saye shi ya sayi biyu ya ajiye ɗaya, ya kuma riƙa duba maganaɗisunsa.

Wasu kan huda gindin tanki ko bayansa, su sa babban famfo a waje yana ja yana mayarwa ta bututu da yawa. Tanki yakan fito fes, ba na'ura ko ɗaya a ido. Ni ba na ba mai farawa wannan shawara. Yana shan wuta, kowace huda wata ƙofar yoyo ce, gilashin da aka gasa don ƙarin tauri ba ya huduwa, kuma in ka sauya tsarin duwatsu bututun ba sa bin ka. Haka nan tankin ambaliya irin wanda Bruce Carlson ya yi a gidan kifi na Waikiki a Hawaii, mai cika a sama ya juye ruwansa gaba ɗaya: motsinsa ya fi na kowa kama da teku, amma ƙararsa da feshin gishirinsa ba na falo ba ne.

In tankinka ya yi kusa da nawa, ga abin da zan ce ka yi: masu sanda biyu a gefe da gefe, sai ƙananan masu farfela biyu a gilashin baya, ƙasa-ƙasa, suna hura bayan duwatsu. Famfo huɗu matsakaita sun fi ƙato ɗaya ta kowace fuska. Ranar da ɗaya ya mutu, ukun na aiki.

Kafin ka biya ko kwabo, ka auna kaurin gilashinka. Maganaɗisu yana da iyaka. Babban tanki yakan zo da gilashi milimita 15 ko 19, wani ma ya fi haka. MP40 iyakarsa wajen milimita 19, wanda ya wuce nan sai MP60. Kowane famfo akwai wannan lamba a takardarsa. Famfon da maganaɗisunsa bai kama da kyau ba, wata rana zai sulluɓe ya faɗi yana hura yashi, ka dawo gida ka tarar tanki ya zama kunu, an binne murjanin ƙasa.

Inda za a sa su, da yadda za ka gane ya yi

Ka ɗaga manyan famfunan sama yadda fuskar ruwa za ta riƙa rawa, don ta nan oksijin ke shiga. Amma in ka ji yana zuƙar iska yana watsa kumfa, ka sauke shi kaɗan. Kada ka saita bakin famfo kai tsaye kan murjanin da ke kusa. Ka bar ruwan famfo biyu su yi karo a tsakiya, don karon ne ke haifar da ruwa mai rikiɗa, wanda ke zuwa wa reshe ta gabas yanzu, an jima ta yamma. Duwatsu kuma kada su jingina da gilashin baya, a bar tazarar da hannu zai shiga. Yashi mai laushi sosai ba ya zama a tankin Acropora, sai ka nemi mai ɗan tsakuwa, ko ka bar gindin tanki ba yashi.

Gwajin da nake yi ba ya cin kuɗi. Nakan murtsuke ɗan busasshen abincin kifi in zuba, in tsuguna a gefen tanki in bi shi da ido. Wani ɓarɓashi zai yi sama, ya zagaya, ya dawo. Wani kuma za ka ga ya shiga wata kusurwa, ya yi jinkiri, ya sauka ya kwanta. Nan ne ruwa ya mutu, kuma nan ne jan yauƙin nan mai rufe yashi zai fara fitowa. Sai ka matsar da famfo ɗan kaɗan, ka sake zubawa. Haka kuma in ka hura ramukan dutse da babban sirinji ka ga ƙura ta turnuƙe, ruwa ba ya kaiwa wurin.

Murjanin ma yana magana. Euphyllia da ya samu daidai, hannuwansa sukan kumbura suna kaɗawa a hankali, su je su dawo. In ka ga gefe ɗaya ya tsuke, ƙashi mai kaifi na lekowa ta cikin nama, ruwa ya yi masa yawa, ka ɗauke shi yau, ba gobe ba. Sarcophyton yakan rufe ya yi wata fata mai ƙyalli da zai saɓe. In kwana da kwanaki ta ƙi fita, ruwan wurin ne bai isa ya ɗauke ta ba. Acropora da ya girma ya fara fari daga gindi, can cikin rassa, sau da yawa ruwa ne ya daina ratsa shi.

Famfunan zamani duk suna da na'urar sarrafawa, wasu ta waya. Ni tsarin da gudu ke hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba na fi amfani da shi. Akwai tsarin igiya, inda famfo ke bugawa daidai da lokacin da ruwa ke kai-kawo; a tanki mai mita biyu abin yakan kama kusan sakan 2. Yana da ban sha'awa, amma ka tuna sama da kilo 700 na ruwa ne ke jijjiga haɗin silikon da ke riƙe da gilashin dare da rana. Tsohon tanki, ko wanda ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ka bar igiyar ƙarama. Tsarin dare mai rage gudu sosai kuwa ban yarda da shi ba, tunda da dare ne oksijin ya fi ƙaranci. Maɓallin ciyarwa yana da amfani, muddin famfon zai dawo da kansa bayan minti 10.

In an ɗauke wuta

Littattafan Turai sukan ba wannan layi biyu. A wurinmu shi ne rabin maganar. Fitila ta mutu yini guda, murjani zai jure. Ruwa ya tsaya a tanki mai kifi da yawa cikin zafi, awanni kaɗan sun isa oksijin ya ƙare, manyan kifaye su fara haki a sama. Ruwa mai ɗumi dama bai riƙe oksijin kamar mai sanyi.

Saboda haka ka zaɓi famfon DC, mai aiki da ƙaramar wuta ta adafta. Yana shan kaɗan: MP40 ko a ƙarshen gudunsa bai kai wat 40 ba. EcoTech suna sayar da batirin da ke karɓa da kansa in wuta ta tafi, Tunze ma suna da mahaɗin da ake jona batir da shi. In gidan na da sola da inbata, ka sa aƙalla famfo biyu a layin da ba ya mutuwa, ɗaya daga ciki ya zama mai kaɗa fuskar ruwa. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, in irin na dalma ne, rabi za ka ci don kada ya lalace, 600 ke nan, famfo biyu masu shan wat 30 a haɗe za su yi wajen awa 20. Janareta kaɗai bai isa ba, don yawanci sai da mutum a gida yake tashi. Ka gwada abin da kanka: zare filogi, ka tsaya ka gani ko famfon ya ci gaba, sannan ka mayar ka gani ko ya koma tsarinsa ko ya tsaya yana jiran a danna masa wani abu.

Mai yin oda daga waje ya karanta jikin adafta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Adaftar DC da yawa suna karɓar 100 zuwa 240, amma famfon AC na kasuwar Amurka, mai jonuwa kai tsaye da wutar gida, ba zai yi a nan ba. Ka kuma sa abin kare kaya daga tashin wuta, don na'urar sarrafawa ce ke fara ƙonewa.

Sai zafi. Duk wat ɗin da famfon cikin ruwa ya sha, a ruwan yake ƙarewa ya zama ɗumi. Murjani na son digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a Maris da Afrilu ɗaki kansa ya wuce haka nesa. Wat 100 na famfuna da ke aiki ba dare ba rana nauyi ne a kan na'urar sanyaya ruwa. In famfo biyu sun yi kunnen doki a komai, ka ɗauki mai shan wuta kaɗan.

Famfo na son wanka duk wata ɗaya ko biyu, masu sanda ma fiye da haka. Gansakuka mai tauri mai launin ruwan hoda da kuma farin alli suna kama farfela da sandarta. Ka kwance, ka jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan tsami, garin nan da masu zoɓo ke sawa, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye sosai kafin ya koma. Kana wankewa kana shafa maganaɗisun da yatsa: in robar da ta rufe shi ta kumbura ko ta tsage, ko ka ga jan tsatsa, ka fitar da shi nan take, domin ƙarfen da ke narkewa daga ciki guba ne ga murjani. Mai kiwon anemoni, dabbar teku mai kama da fure, ya sa wa famfunansa raga ko soso, don dabbar takan saki dutse ta yi yawo, in farfela ta ja ta kuma tankin duka ne zai gurɓace. Lokacin da kake odar famfo, ka haɗa da farfela ɗaya ta ajiya da adafta ɗaya, tunda saƙo daga waje yakan ɗauki makonni kafin ya iso.